Dabarun Koyar da Wasan Kwaikwayo na Ban Tausayi a Makarantun Sakandare: Misali da Othello

Gabatarwa

A makarantun sakandare da yawa, hanyar da aka fi bi wajen koyar da wasan kwaikwayo ita ce malami ya rubuta taƙaitaccen labarin wasan a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace sunayen 'yan wasa da jigogi uku ko huɗu, sa'an nan a jira ranar jarrabawa. Dalilan haka sanannu ne. Littattafai ba su wadata ba, aji ya cika maƙil, Turancin littafin kuma tsoho ne, wanda ko Baturen yau sai ya nemi taimakon ƙamus. Sai dai an rubuta wasan kwaikwayo ne domin a tashi tsaye a yi shi. Idan ya tsaya a allo, ɗalibi zai san cewa wane ya kashe wance, amma ba zai san yadda aka yi mutum mai hankali da daraja ya kai ga yin haka ba, alhali kuwa a kan wannan tambaya aka gina kowane wasan ban tausayi.

Wannan maƙala za ta kawo dabaru biyar waɗanda malamin adabi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum zai iya amfani da su ba tare da wutar lantarki ko ɗakin wasa ba. Abin da ake buƙata bai wuce allo da alli da hankici ɗaya da 'yan tsakuwoyi ba. An ɗauki misali da Othello na William Shekisfiya, wanda hukumar jarrabawa ta WAEC ta sanya a manhajar adabin Turanci daga 2016 zuwa 2020. Dabarun za su yi aiki ga Antony and Cleopatra, wanda aka sanya daga 2026 zuwa 2030, za kuma su yi aiki ga wasannin Hausa irin su Uwar Gulma na Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. An rubuta sunayen 'yan wasan a nan yadda bakin Bahaushe zai faɗe su, amma a jarrabawa ɗalibi ya rubuta su kamar yadda suke a littafi.

Mene ne wasan ban tausayi?

Masanin falsafar nan na ƙasar Girka, Aristotal, wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne ya fara tsara bayani a kan irin wannan wasa. A ganinsa, tauraron wasan ban tausayi mutum ne mai matsayi, wanda ba waliyyi ba ne kuma ba shaƙiyyi ba, ya faɗo daga ɗaukaka zuwa halaka ta dalilin wani kuskure nasa. A cikin wasan akwai inda al'amari ke juyewa, akwai kuma inda tauraron ke gane gaskiya bayan bakin alƙalami ya bushe. Mai kallo zai ji tausayinsa, domin azabar ta fi laifin, zai kuma ji tsoro, domin ya ga cewa shi ma zai iya faɗawa wannan rami.

Ya kamata tun ranar farko ɗalibai su bambance masifa da wasan ban tausayi. Ambaliyar ruwan da ta auka wa garin Gummi a watan Agusta na 2024 masifa ce mai ban tausayi ƙwarai, amma ba wanda ya zaɓe ta. A wasan ban tausayi kuwa, a kowane mataki akwai ƙofar fita a buɗe, tauraron ya wuce ta da ƙafarsa. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi ya sa yake cewa da na sani ƙeya ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin aji shi ne a gano tsagar bangon, a kuma ƙirga ƙofofin da aka wuce.

Othello a taƙaice

An haifi Shekisfiya a 1564, ya rasu a 1616. An nuna Othello a fadar Sarki James na ɗaya a Landan ranar 1 ga Nuwamba, 1604, aka fara buga shi a 1622. Ya samo labarin daga littafin wani marubucin Italiya mai suna Cinthio, wanda ya fito a 1565. Wasan yana da kashi 5 da fitowa 15.

Otelo baƙar fata ne daga Afirka, wanda ya zama sarkin yaƙin birnin Benis na Italiya. Ya auri Dasdimona, 'yar wani ɗan majalisa mai suna Barabanshiyo, ba da sanin uban ba. Yago, mai riƙe masa tuta, yana jin haushi domin Otelo ya tsallake shi ya naɗa Kasiyo mataimakinsa. Aka tura Otelo tsibirin Ƙubrus don ya tsare shi daga harin Turkawa, amma guguwa ta tarwatsa jiragen abokan gaba kafin a gwabza. A can Yago ya shayar da Kasiyo giya har ya yi faɗa, aka tuɓe shi. Ya ba shi shawara ya nemi Dasdimona ta roƙar masa mijinta, sa'an nan ya koma yana raɗa wa Otelo cewa akwai wani abu tsakaninsu. Ya sa aka tsinci hankicin da Otelo ya ba matarsa a ɗakin Kasiyo. Otelo ya shaƙe Dasdimona a kan gadonta. Emiliya, matar Yago, ta tona asirin, mijinta ya soke ta. Da Otelo ya gane abin da ya aikata, ya kashe kansa.

Kafin a fara karatu, yana da kyau malami ya zana taswira a allo, ya sa Benis da Ƙubrus da Maroko da Landan, sa'an nan ya sa Zamfara. Akwai dalilin yin haka. Wani matafiyi mai suna Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya tashi a birnin Fas na Maroko, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai shi Rum. A can ya rubuta littafi a kan ƙasashen Afirka, aka buga shi a Benis a 1550, aka fassara shi zuwa Turanci a Landan a 1600. A cikinsa ya ambaci Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara. Masana da dama suna ganin Shekisfiya ya san wannan littafi, kuma rayuwar marubucin ta yi kama da ta Otelo, wanda shi ma ya ce an taɓa kama shi an sayar da shi bawa. A lokacin hedikwatar masarautar ba ta zo Anka ba tukuna. Sai bayan da Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka a ƙarni na 19. Ɗalibin da ya ji cewa sunan ƙasarsa yana cikin littafin da ake sayarwa a Landan shekara huɗu kafin a nuna Othello zai buɗe wasan da wani ido daban.

Dabara ta farko: wasan lambobi uku

Wannan dabara ta fito ne daga ɗakin binciken halayyar ɗan Adam. A 1960 wani masani ɗan Ingila mai suna Peter Wason ya ba ɗaliban jami'a lambobi uku, wato 2, 4, 6, ya ce musu akwai wata ƙa'ida a zuciyarsa da waɗannan lambobi suka dace da ita. Aikinsu shi ne su gano ƙa'idar ta hanyar kawo nasu lambobi uku-uku, shi kuma ya ce sun dace ko ba su dace ba. Daga cikin mutum 29, shida kaɗai suka faɗi ƙa'idar daidai a karon farko.

Malami zai iya maimaita wannan gwaji cikin minti goma. Yawancin ɗalibai za su ɗauka ƙa'idar ita ce a riƙa ƙara biyu, saboda haka za su kawo 8, 10, 12, ko 20, 22, 24. Kowane lokaci malami zai ce sun dace, su kuma su ƙara sakankancewa. Ainihin ƙa'idar kuwa ita ce kowaɗanne lambobi uku da ke hawa sama, ko da 1, 2, 50 ne. Ba mai gano ta sai wanda ya kawo lambobin da za su iya rushe zatonsa. Abin da gwajin ya nuna shi ne cewa idan mutum ya ƙulla zato, yakan nemi abin da zai tabbatar da shi kawai.

Mutanen wannan yanki sun ga amfanin saɓa wa wannan ɗabi'a. A farkon 2010, da yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da magungunan waɗannan cututtuka suka ƙi aiki, likitocin ƙungiyar MSF ba su nace a kan zaton farko ba. Suka aika da jinin yaran aka auna, aka gano gubar dalma ce daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Daga nan sai a koma ga kashi na uku da na huɗu na wasan. A raba allo gida uku: abin da Otelo ya gani da idonsa, abin da aka faɗa masa, da kuma wata fassara da abin zai iya ɗauka. Ɗalibai za su jera hujjojinsa guda biyar. Ya ga Kasiyo ya sulale daga wurin Dasdimona. Ya ji tana naci wajen roƙar masa. An ba shi labarin wani mafarki da aka ce Kasiyo ya yi. Ya ga hankicin a hannun Biyanka, budurwar Kasiyo. Ya hango Kasiyo yana dariya, alhali zancen Biyanka ake yi. Idan aka cika gidajen uku, aji zai ga cewa ba ko ɗaya da ta tsaya da ƙafarta, kuma Yago ne ya ƙirƙiri kowace ko ya fassara ta. Da Otelo ya tambayi Emiliya ta rantse masa cewa uwar ɗakinta mai tsarki ce, sai ya watsar da shaidarta, domin ba ita yake son ji ba.

Dabara ta biyu: bin sawun hankici

A fito da ɗalibai shida su tsaya a jere, a matsayin Otelo, Dasdimona, Emiliya, Yago, Kasiyo da Biyanka. A ba na farko hankici na gaske. Kowa zai miƙa wa na gaba, amma kafin ya miƙa sai ya faɗi abu uku a taƙaice: yadda hankicin ya zo hannunsa, abin da ya sani game da shi, da abin da bai sani ba. Sauran aji suna riƙe da littafi, duk wanda ya yi kuskure su gyara masa, su faɗi kashi da fitowa.

Wannan aiki yana fito da abubuwan da taƙaitaccen labari ke ɓoyewa. Na farko, Otelo ne da kansa ya ture hankicin lokacin da matarsa ta so ɗaure masa kai saboda ciwon da ya ce yana ji, har ya faɗi ƙasa. Na biyu, Emiliya ta tsince shi ta ba mijinta ba tare da ta san abin da zai yi da shi ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, tana tsaye a wurin lokacin da Otelo ya tsare Dasdimona yana neman hankicin a fusace, amma ta yi shiru. Sai malami ya tsayar da wasan a nan, ya tambayi wadda ke matsayin Emiliya: me ya hana ki magana? Tsoron miji ne, ko kunya, ko kuwa ba ki ɗauki abin da girma ba? A bar aji su yi mata tambayoyi, ita kuma ta amsa da bakin Emiliya. Daga nan kowa ya rubuta rabin shafi a kan abin da zai faru da ta yi magana a wannan lokaci. Ta haka ɗalibai za su ga cewa shirun mai gaskiya yana cikin kayan aikin maƙaryaci.

Dabara ta uku: jadawalin lokaci

A ja dogon layi a allo, a sa ɗalibai su jera abubuwan da suka faru bisa sa'o'i. A daren auren aka zauna majalisa a Benis, aka ba Otelo umarnin tafiya. Dasdimona ta shiga jirgi ɗaya da Yago da Emiliya, Kasiyo yana wani jirgin, Otelo yana wani. A daren ranar da suka sauka Ƙubrus aka yi faɗan da ya jawo tuɓe Kasiyo. Washegari da safe ya je wurin Dasdimona, kuma a wannan yini Yago ya juya zuciyar Otelo. Idan aka bi wasan fitowa bayan fitowa, daga saukarsu zuwa kisan bai fi kwana ɗaya da rabi ba. Amma a kashi na biyar Otelo yana cewa matarsa ta ci amanarsa sau ba iyaka. Tambayar da za a jefa wa aji ita ce: yaushe, kuma a ina?

Ɗalibai masu lura za su gano cewa akwai wuraren da ke nuna an daɗe a tsibirin, kamar inda Biyanka ke ƙorafin cewa Kasiyo ya yi mako guda bai leƙo ta ba. Tun ƙarni na 19 masana ke muhawara a kan waɗannan agogo biyu da ke tafiya tare a cikin wasan. Ba sai aji ya warware muhawarar ba. Abin da ake so su gane shi ne dalilin gaggawar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, saboda haka Yago ba zai iya barin Otelo ya kwana da maganar ba, kuma dole ya hana shi haɗuwa da Kasiyo ido da ido. Lissafi kaɗan da alli ya isa ya rushe zargin, amma mai kishi ba ya zama ya yi lissafi.

Dabara ta huɗu: zaman shari'a

Zaman alƙali abu ne da ɗaliban wannan yanki suka sani. Gummi ta fitar da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ta kuma fitar da Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, wanda ya shugabanci Babbar Kotun Abuja kafin ya hau sarautar garin a 2013. Wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, cewa wanda ya jefi mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba shi ne zai sha bulala 80, cewa kuma mijin da ya zargi matarsa ba shi da shaidu sai dai a yi li'ani a gaban alƙali a raba auren. Ba inda aka ba shi ikon ɗaukar doka a hannunsa. Mutanen wasan Kiristocin Benis ne, saboda haka zaman da za a yi a aji atisaye ne na auna hujja.

A fara da karanta fitowa biyu a jere. A kashi na ɗaya, fitowa ta uku, Barabanshiyo ya kai ƙarar Otelo gaban majalisa cewa ya yi wa 'yarsa sammu. Shugaban majalisar ya nuna masa cewa zargi kaɗai ba hujja ba ne. Otelo ya roƙi a kira Dasdimona, aka kira ta, ta yi bayani, ya kuɓuta. A kashi na biyar, fitowa ta biyu, Dasdimona ce ake zargi. Ta roƙi a kira Kasiyo a tambaye shi, ta roƙi a bar ta zuwa gobe, ta roƙi ko rabin sa'a. Otelo, wanda shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne hauni, ya hana ta abin da ya cece shi a daren aurensu. Idan ɗalibai suka gano wannan da kansu, sun kama zuciyar wasan.

Sa'an nan a naɗa alƙali da muhuti da masu gabatar da ƙara da masu kariya, a kira shaidu: Kasiyo, Biyanka, Emiliya, da Lodobiko, manzon Benis da ya ga Otelo ya mari matarsa a bainar jama'a. Doka ɗaya ce, ba a karɓar magana sai an faɗi kashi da fitowar da take. Bayan an saurari kowa, a raba sauran aji rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni tsakuwa 20, su raba su bisa nauyin laifi tsakanin Yago, Otelo, Emiliya, Kasiyo, Rodarigo wanda ya riƙa ba Yago kuɗi don ya sami Dasdimona, da Barabanshiyo wanda ya fara gargaɗin Otelo cewa wadda ta yaudari ubanta za ta iya yaudarar mijinta. Wani rukuni zai so ya ware wa jama'ar Benis nasu kaso, domin su ne suka ɗauki Otelo ya yi musu yaƙi amma suna ƙyamar launinsa, har Yago ya sami abin da zai riƙa sosa masa. Kowane rukuni ya kare rabonsa. Masu cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade za su tara wa Yago, masu cewa sai bango ya tsage za su tara wa Otelo. Daga wannan gardama kowa zai rubuta insha'insa.

Dabara ta biyar: juya fitowa zuwa Zamfarci

Juya Shekisfiya zuwa Hausa ba sabon abu ba ne. Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara ɗaya daga cikin wasanninsa na ban dariya da sunan Daren Sha Biyu a 1971. Rubuta wasa don 'yan makaranta ma tsohon abu ne a wannan ƙasa, domin tun shekarun 1940 Abubakar Tunau Mafara ya rubuta Wasan Marafa.

A ba kowane rukuni layi 20 zuwa 30 daga kashi na uku, fitowa ta uku, su juya su zuwa Hausar da ake yi a kasuwar garinsu, da wanga da tahi da ɗiya da sauransu. Nan da nan za su ci karo da tambayoyin da ba mai amsa su sai wanda ya fahimci Turancin. Yaya Yago zai kira Otelo, ranka ya daɗe ko yallaɓai? A wane wuri zai yi gyaran murya, a ina zai fara magana ya haɗiye ta? Bahaushe gwani ne a habaici da gugar zana da jirwaye mai kamar wanka, saboda haka ɗalibai za su gane salon Yago da sauri: ba ya fito da zargi fili, yana maimaita kalmar Otelo ne, yana nuna kamar ana tilasta masa magana, har Otelo ya furta abin da bakinsa. Bayan an rubuta, kowane rukuni ya nuna nasa cikin minti biyar a salon tashe, ba dandamali, ba labule, rawani ɗaya da sanda sun isa.

A ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ba a rasa ɗalibin da ya iya kirari. A sa su shirya wa Otelo kirari biyu na kansu, ɗaya na ranar da ya tsaya gaban majalisa, ɗaya na ranar da ya faɗi a gefen gadon matarsa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce faɗuwar da Aristotal ya yi bayani.

Makarantar da ta maza ce zalla ko ta mata zalla ba ta da matsala. A zamanin Shekisfiya samari ne ke fitowa a matsayin mata, kamar yadda yara maza ke ɗaura zane a tashe. Sai a watan Disamba na 1660 aka fara ganin mace a dandamalin wasa na Landan, kuma a matsayin Dasdimona ta fito.

Abubuwan da malami zai kiyaye

Ɗaliban yammacin Zamfara ba a littafi suka fara jin labarin mutuwa ba. Gubar dalma ta 2010 ta kashe yara kimanin 400, kuma tsararrakinsu da suka rayu su ne suka kai shekarun sakandare. Hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da yawa da ƙauyukansu. A 2021 an sace 'yan mata a makarantar Jangebe a watan Fabrairu, a watan Satumba kuma gwamnatin jiha ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Saboda haka kada a tilasta wa kowa fitowa a matsayin mai kisa ko wanda aka kashe. Kada a shigo da wuƙa ko wani makami, ko da na wasa ne. Fitowar kisan a karanta ta a zaune, ko a tsayar da 'yan wasa cik kafin a kai wurin, mai ba da labari ya ƙarasa. Wanda ya nemi fita waje a bar shi, ba tambaya. Duk wani shiri a gama shi da rana, cikin lokacin makaranta.

Haka kuma muhawara a kan zargi za ta iya zamewa zuwa abin da ke faruwa a gari, inda jita-jita cewa wane ɗan leƙen asiri ne ta sha jawo asarar rai, inda kuma zato ya shiga tsakanin maƙwabtan da suka daɗe tare. Malami ya kafa doka tun farko cewa ba a ambaton sunan mutum ko ƙauye ko ƙabila. Amfanin wasan shi ne yana ba ɗalibi damar ya yi nazarin abin da ya sani daga nesa, a bakin mutanen Benis na shekara 400 da suka wuce.

Game da jarrabawa, tambayoyin da ake yi a kan littafin Shekisfiya sukan kawo ɗan yanki daga wasan, a tambayi wa ya faɗa, ga wa, a ina, kuma me ya biyo baya. Ɗalibin da ya tsaya a layin hankici, ko ya nemo kashi da fitowa don ya kare shaidarsa gaban alƙali, ya riga ya yi wannan atisaye sau da yawa. Inda littafi bai fi biyar ko shida ba a aji, rukuni ɗaya littafi ɗaya ya wadatar ga dukkan dabarun nan.

Kammalawa

An ga cewa wasan ban tausayi labari ne na halakar da aka taka mataki-mataki, kuma hanyar koyar da shi ita ce a sa ɗalibai su bi matakan da ƙafarsu. Wasan lambobi yana nuna yadda zato ke rufe ido. Layin hankici da jadawalin lokaci suna koyar da bin sawun hujja. Zaman shari'a yana tilasta a saurari kowane ɓangare, juyawa zuwa Zamfarci kuma yana tabbatar da an fahimci abin da aka karanta. Darasi biyar ko shida na minti 40 sun isa a gwada su duka. Ɗalibin da ya fita daga irin wannan aji zai amsa tambayar jarrabawa, kuma ranar da aka kawo masa magana a kan wani, akwai fatan zai tambayi mai kawo ta: wa ya gani, yaushe, kuma an ji ta bakin wanda ake zargi?